Kifayen Dausayin Haɗejiya-Nguru: ire-irensu da wuraren zamansu

A cikin teku, zurfin ruwa ne ke raba wa kifaye mazauni. A dausayin Haɗejiya-Nguru kuwa, cikowar ruwa ta shekara-shekara ce ke yin wannan aiki. Dausayin ya samu ne daga malalar kogunan Haɗejiya da Jama'are, waɗanda ke haɗuwa su zama Kogin Yobe da ya ratsa ta Gashuwa zuwa Tafkin Chadi. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar.

Da damina, musamman a watannin Agusta da Satumba, ruwa kan cika ya mamaye fadamu. A lokacin ne kifaye ke barin kogi su shiga ciyayi domin yin ƙwai, inda 'ya'yansu ke samun abinci da mafaka. Idan rani ya yi, ruwa ya janye, sai su tattaru a tafkuna da gurabe masu zurfi.

Kowane kifi da dabararsa ta jure rani. Tarwaɗa na iya shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a ruwan da ya ƙafe ya koma taɓo. Gaiwa kan binne kanta cikin laka har sai ruwa ya dawo. Karfasa ta fi son bakin ruwa mai ciyayi, giwan ruwa kuwa sai buɗaɗɗen ruwa mai wadatar iska.

Masu bincike kan gano yaɗuwar kifaye ta hanyar duba abin da masunta suka kamo, da auna tsawo da nauyinsa, da binciken abin da ke cikin tumbinsa, tare da gwada ingancin ruwan.

Madatsun ruwa na Tiga (1974) da Challawa (1992) a Jihar Kano sun sauya tsarin cikowar. Ruwan da ake saki har da rani ya taimaka wa ciyawar kachala ta toshe magudanai, wasu wurare suka nutse, wasu suka bushe. Raguwar fadamar da ruwa ke mamayewa na nufin raguwar wuraren haihuwar kifi, kuma a kan wannan kifi ne abincin masuntan Nguru da na ƙasar Bade ya dogara.