Daga Handul Zuwa Batir: Darasi Ga Masu Manyan Motoci

Dattawan tasha suna tuna zamanin da ƙaren mota ke juya handul kafin mota ta tashi. Batirin da ya raba mu da wannan wahala ya daɗe: Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a Faransa a 1859, da dalma da ruwan asid. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai sitata ta lantarki. Ƙananan motoci sun fara da bolt 6, suka koma 12 a shekarun 1950.

Injin gas ya fi na fetur nauyin juyawa, shi ya sa yawancin manyan motoci ke aiki da bolt 24, wato batir biyu a jere.

Tun da Jalingo ta zama babban birnin Taraba a 1991, zirga-zirgar manyan motoci ta ƙaru. Zafin garinmu yana ƙafar da ruwan batir, sanyin Mambila kuma yana rage masa ƙarfi da asuba. Batirin da zafi ya cinye a nan, a Gembu yake tona asiri.

Don haka idan ɗaya ya mutu, a canza biyun tare, masu amfiya iri ɗaya, domin tsoho yakan kashe sabo. A duba ranar ƙira da inda kawunansa suke. Araha ba ta ado. Allah Ya tsare hanya.