Tasirin Sauya Mashaƙar Iska ga Ƙarfin Injin Mota a Yanayin Hartum da Umdurman

Tsakure

Mashaƙar iska ita ce hanyar da injin mota ke zuƙar iskar da yake ƙona mai da ita, tun daga bakin bututu har zuwa iyakilina da totur. Masu sayar da kayan gyara suna tallata wata mashaƙa ta daban, mai buɗaɗɗen bututu da matata mai siffar mazurari, bisa da'awar cewa tana ƙara wa mota ƙarfi da rage shan mai. Wannan maƙala ta auna da'awar da lissafin nauyin iska da na ƙura a yanayin Hartum da Umdurman. Sakamakon ya nuna cewa ribar ƙarfin ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba, zafin cikin bonet yana iya cinye ta, ƙurar da ke tsallake matatar kuwa tana iya ninkawa sau 10 zuwa 30.

1.0 Gabatarwa

Injin fetur yana buƙatar giram 14.7 na iska kafin ya ƙona giram 1 na mai sarai. Tura mai ba ya wahala, don haka yawan iskar da silinda ta samu ne ke yanke iyakar ƙarfin inji. A kan wannan gaskiya aka gina kasuwar mashaƙar sauyi. Ana cire akwatin iyakilina na kamfani da matatarsa ta takarda, a maye gurbinsu da bututu mai faɗi da matatar auduga ko soso da aka shafa wa mai. Wata gajera ce, tana zaune cikin bonet kusa da inji. Wata doguwa ce, tana sauka ƙasa bayan bamba don ta samo iska mai sanyi.

Hartum da Umdurman suna fuskantar juna a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, a tudun da ya ɗara teku da kimanin mita 380. A watannin Mayu da Yuni zafin rana yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. A wannan lokacin ne kuma habub ke tasowa, wato katangar ƙurar da mutanen gari ke kira kataha, wadda ta yi kama da holoƙon ƙasar Hausa amma ta fi shi kauri. Motocin da ke aiki cikin wannan yanayi sun haɗa da Hyundai da aka harhaɗa a masana'antar Giad da ke kudu da Hartum, da Toyota Hilux da ake kira boksi, da ƙananan bas-bas na Amjad, da Land Cruiser masu dogon zango. Tambayar binciken ita ce ko sauya mashaƙa yana amfanar irin waɗannan motoci.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Hujjar masu sayarwa ta dogara ne a kan na'urar auna ƙarfin mota, inda ake ɗaure mota a kan ganguna masu juyawa a take totur har ƙasa. Irin wannan gwaji yana da rauni biyu. Sau da yawa ana yin sa da bonet a buɗe, ga babbar fanka tana hura iska, alhali direba yana tuƙi ne da bonet a rufe. Sannan adadin da ake tallatawa shi ne na ƙololuwar juyin inji, wurin da mai abin hawa ba ya kaiwa a cikin gari. Da'awar rage shan mai kuwa ta gamu da cikas tun a 2009, lokacin da Kevin Norman da Shean Huff da Brian West na cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka suka gwada motoci da matatar da aka toshe da gangan. A motoci masu injekta da kwamfuta, toshewar ba ta sauya shan mai ta yadda za a kula ba, saurin ɗaukar gudu ne kawai ya ragu. Tsohuwar Pontiac ta 1972 mai kafireto ce kaɗai shan manta ya ƙaru. Idan matatar da ta toshe ba ta ƙara shan mai ba, babu dalilin tsammanin wadda ta fi buɗewa za ta rage shi.

Akwai kuma ra'ayin da ke cewa duk abin da kamfani ya ƙera ba a taɓa shi. Nazarin Kurt Beck a kan Sifinja, wato motar Bedford da maƙeran Sudan suka sake wa fasali don ta jure hanyoyin sahara, ya isa ya rushe wannan ra'ayi. Sauyi yana da amfani idan ya amsa buƙatar ƙasar da motar ke aiki.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

An yi amfani da lissafi bisa dokar da ta ce nauyin iska yana ƙaruwa da matsi, yana raguwa da zafi, tare da ƙa'idar SAE J1349 ta daidaita ƙarfin inji, wadda ke nuna asarar kimanin kashi 1 cikin 100 a duk ƙarin zafi na digiri 6. An ɗauki matsin iskar Hartum a kilofaskal 97, zafin waje a digiri 42. Adadin toshewar mashaƙa, da zafin cikin bonet, da yawan ƙura, da ingancin matata, duka an ƙaddara su ne don lissafi, kuma an zaɓe su ta yadda ba za a tauye wa mashaƙar sauyi haƙƙi ba.

4.0 Sakamako

4.1 Ribar Buɗe Hanya

A ƙaddara cewa mashaƙar kamfani tana rage matsin iska da kilofaskal 3 idan an take totur har ƙasa, ta sauyi kuma ta rage wannan asara zuwa rabi. An samu kilofaskal 1.5 cikin 97, wato kashi 1.5 cikin 100. A inji mai ƙarfin doki 100, ribar doki ɗaya da rabi ce. A Amjad, wadda injinta bai kai lita ɗaya ba, ribar ba ta kai doki guda ba. Wannan ma sai a cikakken totur. A cunkoson gadar Farin Nilu, farantin totur yana kusan rufe, kuma shi ne da kansa ke shaƙe iskar da gangan. Duk abin da aka buɗe a gabansa, direba zai mayar da shi ta hanyar sassauta ƙafa. Abin da ke sauyawa a zahiri shi ne sauti, domin an cire ƙananan akwatunan da ke kashe gurnanin iska, kunne kuma ya ɗauki gurnani a matsayin ƙarfi.

4.2 Asarar Zafi

Akwatin kamfani yana zuƙo iska daga gaban mota ko gefen taya. Gajeriyar mashaƙa tana zuƙar iskar da ta ratso lagireto ta kuma gogi jikin inji. Idan iskar waje tana digiri 42, ta cikin bonet kuma digiri 65, bambancin digiri 23 yana jawo asarar kusan kashi 4 cikin 100. An ci 1.5, an yi asarar kusan 4. Ƙarin digiri 9 kacal ya isa ya shafe ribar. Iska mai zafi kuma tana sa inji ƙwanƙwasa, kwamfuta ta jinkirta wutar fulogi don kare shi, ƙarfi ya sake raguwa. Doguwar mashaƙa ta kuɓuta daga zafi, amma bakinta yana dab da ƙasa, inda ƙura ta fi yawa. Da damina kuma, a birnin da ya ga ambaliyar 1988 da ta 2020, ruwan da ya kwanta a titi yana iya shiga silinda ya lanƙwasa sandar fistin.

4.3 Lissafin Ƙura

Nan ne babban sakamakon binciken yake. Lita ɗaya ta fetur tana da nauyin kimanin giram 740, don haka tana buƙatar iska kusan kilo 11. A zafi da matsin Hartum, wannan ya kai kimanin lita 10,000 ta iska. Tankin lita 50 yana nufin injin ya zuƙi lita 500,000. Idan kowace lita 1,000 ta iska tana ɗauke da miligiram 5 na ƙura, giram 2.5 ne ke isa bakin matata kafin tankin ya ƙare.

Ana auna ingancin matata bisa ƙa'idar ISO 5011, a bayyana shi da kason ƙurar da ta tare. A ido, 99.9 da 99 da 97 kusan ɗaya suke, kuma a nan ne mai saye ke ruɗuwa. Inji yana haɗuwa ne da abin da ya tsallake. A ƙaddara 99.9 ga matatar takarda, 99 ko 97 ga ta mashaƙar sauyi. Daga giram 2.5, matata mai 99.9 tana barin miligiram 2.5 su wuce. Mai 99 tana barin 25. Mai 97 tana barin 75. Tazarar da ba ta kai maki uku ba a jikin kwali ta zama ninki 30 a cikin silinda. Wannan ninki ba ya sauyawa ko ƙurar waje ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Abin da yanayin Umdurman ke yi shi ne ya kumbura adadin da ake ninkawa. A garin da iska ke da tsafta, ninki 30 na abu kaɗan yana iya zama abin jurewa. A bayan babbar mota a hanyar ƙasa ta Umbadda ko kewayen Suk Libiya, lissafin ya sha bamban.

Ƙurar sahara tana ɗauke da ƙwayoyin yashi da suka fi ƙarfen bangon silinda tauri. Idan suka shiga, suna maƙalewa tsakanin ringi da bango, su cakuɗu da baƙin mai su zama abin gurza. Ringi ya ci, matsin silinda ya zube, mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi. Ƙarfin da aka rasa ta wannan hanya ba ya dawowa sai an sauke inji. Ribar kashi 1.5 tana zuwa ne a 'yan daƙiƙoƙin cikakken totur, gurzar kuwa tana gudana a duk juyin inji, har mota tana tsaye a layin mai.

Yadda matatun biyu ke tsufa ya ƙara faɗaɗa tazarar. Takarda tana da ninki masu yawa, kuma ƙurar farko da ta kwanta a kanta tana toshe manyan ƙofofi, sai ingancinta ya ƙaru da aiki. Shi ya sa al'adar gareji ta bugun matata da iskar kwamfareso ke da illa: tana share wannan shimfiɗa, wani lokaci ta yaga takardar. Matatar auduga ta dogara ne a kan man da aka shafa mata. Idan ƙura ta shanye man ko zafi ya busar da shi, abin da ya rage raga ce. Idan an wanke ta aka cika mata mai, man yana bin iska ya shafi siririyar wayar da ke auna iska, kwamfuta ta samu adadin ƙarya ta ɓata haɗin mai. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Sauyi guda ya tsallake wannan lissafi, shi ne bututun da ake ɗagawa ta gefen gilashi zuwa rufin mota, mai kan da ke juya iska ya watsar da manyan ƙwayoyi kafin su isa matata. Kamfanin Toyota da kansa yana sanya irinsa a Land Cruiser 70 a kasuwanni da dama. Ba ya ƙara doki, tsawonsa ma yana iya rage kaɗan, amma yana ɗauko iska nesa da ƙurar taya da zafin inji, matatar takarda kuma tana nan a wurinta. Ga motocin da ke barin Umdurman zuwa Dongola ko Kordofan, wannan ne sauyin da ya bi tafarkin maƙeran Sifinja.

5.0 Iyakokin Bincike

Binciken na lissafi ne, ba a ɗora mota a kan na'ura ba, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya ɗaiɗaita yankunan masana'antu na biranen. Injin tsere da aka sake wa tsari, ko mai turbo da aka ƙara wa matsi, yana iya cin ribar da ta fi wadda aka lissafa. Mai sauya adadin da aka ƙaddara zai samu wasu lambobi, sai dai ninkin ƙura zai tsaya yadda yake.

6.0 Kammalawa

A motar yau da kullum a Hartum da Umdurman, mashaƙar sauyi ba ta rage shan mai, ribarta ta ƙarfi ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba, gajeriyarta kuma asara take jawowa da zafin rana. Abin da ya dace shi ne a bar akwatin kamfani, a tabbatar murfinsa da robarsa sun rufu ruf, a sa matatar takarda mai kyau, a sauya ta da wuri bayan lokacin habub maimakon a buge ta da iska. Mai tafiyar sahara ya ƙara bututun rufi.