'Yar Gusau: Yunwar da Yaƙin Turawa Ya Shigo da Ita Rumbunanmu



Godiya ta tabbata ga Allah Mai azurta bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan uwana matasa, kakanninmu da abin da ya faru suke ƙirga shekaru, shi ya sa kowace babbar yunwa suka raɗa mata suna kamar jaririya. Akwai Kakalaba ta 1914, akwai Mai Buhu ta 1927, akwai kuma 'Yar Gusau ta 1942 zuwa 1943, wadda ta faɗo ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Sunanta yana nuni ga garin da mayunwata suka riƙa dosa neman hatsi, domin jirgin ƙasa ya riga ya isa Gusau, garin ya zama matattarar amfanin gona. A wancan zamani Gusau da Birnin Kebbi da Argungu duk Lardin Sakkwato ne, Razdan ɗaya ke kansu, doka ɗaya ke hawa kansu. Don haka labarin nan namu ne.

Nakan tambayi ɗalibaina a Islamiyya: me ke kawo yunwa? Amsarsu ɗaya ce: fari, ko fara. Gaskiya ne, ruwa ya yi ƙaranci a waɗannan shekaru. Amma fari ba baƙo ba ne a ƙasar Kabi. Tambayar da ta kamata ita ce: da farin ya zo, me ya sa ya tarar da rumbu babu kome?

Manomin da, ya san damina ba ta da alkawari. Yakan haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, in wannan ya ƙi wancan ya yi. Yakan bar damman bara a rumbu har sai na bana sun shigo. Mutanen bakin gulbin Rima kuwa suna da ƙarin gata: shinkafar fadama, da kifi, da bado in abu ya yi tsanani. Sannan zakkar hatsi da ake tarawa a hannun masu sarauta, hatsi ce a ajiye a cikin ƙasa, ana iya buɗe ta ranar wuya. Ba na cewa zamanin ya kuɓuta daga yunwa ko zalunci. Amma akwai katanga tsakanin talaka da halaka.

Turawan Ingila sun shigo Argungu a 1902, suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Cikin 'yan shekaru suka haɗe zakka da kuɗin ƙasa suka mai da su haraji guda, wanda ake biya da tsabar kuɗi, ban da jangalin shanu. Ku lura da wannan canji, domin a nan katangar ta fara tsagewa. Zakka tana bin abin da gona ta bayar: in an samu da yawa a fitar da yawa, in bai kai nisabi ba babu kome a kan mutum. Haraji kuwa adadi ne da aka yanka, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Kuma da kaka ake karɓarsa, lokacin da hatsi ya fi araha. Sai manomi ya sayar da dami da yawa don ya sami sulallan da dagaci ke jira, in marka ta zo ya koma kasuwa ya sayi hatsin nan da tsada, ko ya ci bashi.

An ga sakamakon haka a Kakalaba. Ruwa ya ƙi a 1913, daidai lokacin da noman gyaɗa ya fara bunƙasa bayan isowar jirgin ƙasa Kano. A 1914, shekarar da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa, dubun dubatar mutane suka mutu a Lardin Kano kaɗai. A 1931 kuma fara ta cinye ƙasar Zabarma, Faransawa ba su sassauta haraji da aikin tilas ba, jama'a suka yi ta tsallako iyaka zuwa wannan ɓangare namu. Ashe kafin 1942 masu mulki sun riga sun ga yadda abin yake faruwa.

Sai yaƙi ya ƙara nasa nauyin, ta hanyoyi huɗu.

Na farko, ɗibar mutane. A watan Fabrairu na 1942 Japan ta ƙwace Singafo da ƙasar Malaya, wadda ita ce babbar mai samar da kuza a duniya. Sai Ingila ta juyo kan kuzar Jos. Gwamnatin Gwamna Bourdillon ta kafa dokar aikin tilas, abin da talakawa suka kira ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi mutum kimanin 100,000 daga lardunan Arewa, har da na Sakkwato, zuwa ramukan kuza. Ana yanka wa kowane hakimi adadinsa, shi kuma ya yanka wa dagatai. Ban da waɗannan, ga samarin da aka ɗauka soja, waɗanda da yawansu aka kai Bama. Majiya ƙarfi ake zaɓa, wato masu riƙe da garma da hauya. Gidan da aka ɗauke wa mutum ɗaya ko biyu, gonarsa ta bana ta riga ta ragu.

Na biyu, ɗibar hatsi. Leburorin kuza da sojoji sai sun ci. Saboda haka aka umarci hukumomin En'e su tara hatsi daga ƙauyuka a kan farashin da gwamnati ta yanka, wanda bai kai na kasuwa ba. Ga abin tausayi: gida ɗaya ya ba da ɗansa, ya kuma ba da hatsin da za a ciyar da ɗan.

Na uku, matsa wa manomi ya shuka abin da Ingila ke bukata. An yi ta kamfen ɗin gyaɗa da auduga, ana kuma karɓar gudummawar yaƙi daga baitulmali da aljihun jama'a, har da ta sayen jiragen yaƙi. Kadadar da gyaɗa ta hau, gero ya sauka daga kanta.

Na huɗu, toshewar hanyoyi da tsadar kaya. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Nijar tana hannun gwamnatin Vichy, wadda ke ɗasawa da Jamus, sai iyaka ta zama ta abokan gaba. Mu da muka san yadda Kamba take da Gaya, da yadda Kangiwa take da Dogondutsi, mun san abin da hakan ke nufi: dangi ɗaya, kasuwa ɗaya, hanyar gishirin Foga da dabbobi da hatsi. Gishiri da kananzir da tufafi suka yi wuya, kuɗin hannun talaka ya rage daraja.

To, da ruwa ya yi gardama, ina talaka zai dafa? Yunwa tana da matakanta, kuma dattawa sun san su. Da fari a rage tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Sai a shiga kwaɗon tafasa da rama, a dafa dusa. Sai a sayar da akuya, sai jaki, sai kwanonin ɗakin mace. Sai a ci iri. Sai a jinginar da gona. Sai a fita tsintar ƙarangiya da tonon gidan tururuwa don a ƙwace abin da ta tara. A ƙarshe a bar gari. Ƙananan yara da tsofaffi da masu jego su ke fara faɗuwa, sau da yawa ta hanyar zawo da zazzaɓin da jiki mai ƙoshi zai iya jurewa. Can a tsaunukan Jos kuma, sanyi da cunkoso da ƙarancin abinci suka kashe ɗaruruwan 'yan ɗiban gwamna, wasu dubbai suka gudu. Ko bayan an yi ruwa, wanda ya jinginar da gonarsa ɗan ƙwadago ya koma, wani lokaci a gonar tasa. Wannan asara takan bi gida har jikoki.

Ba mu kaɗai ba ne. A 1943 yunwa ta kashe mutum kimanin miliyan 3 a yankin Bengal na Indiya, ita ma ƙarƙashin Ingila. Masanin tattalin arziki Amartya Sen, wanda ya ga abin da idonsa yana yaro, ya nuna a littafinsa na 1981 cewa akwai abinci a ƙasar, ikon sayensa ne ya kuɓuce wa talaka. Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita ta ƙasar Katsina, ya kai ga irin wannan matsaya game da ƙasar Hausa a littafinsa Silent Violence na 1983, sunan da ke nufin ta'addancin da ba ya ƙara.

Mu Musulmi muna da ma'aunin da za mu auna wannan da shi. A shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ake kira Shekarar Toka, fari ya afka wa Hijaz. Sayyidina Umar (RA) ya aika wa gwamnoninsa, har da Amru ɗan Asi, aka yi ta turo ayarin abinci Madina. Ya jinkirta karɓar zakka a shekarar, ya haramta wa kansa man shanu har sai jama'a sun samu. A can abinci ya taso daga nesa ya nufi mayunwata. A 1942 hatsi ya tashi daga rumbun mayunwata ya nufi nesa. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma bai taɓa wanke wanda ya kwashe rumbun wani ba.

Ina da roƙo biyu gare ku. Na ɗaya, yaran da suka ga 1942 da wayonsu yau sun doshi shekara 90. In akwai irinsu a gidanku, a Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega ko Bunza, ku zauna gabansu da wayar nan da kuke karanta wannan rubutu, ku naɗi abin da za su faɗa: sunan da suka ba yunwar a garinsu, wa aka ɗiba, wa ya dawo. Takardun Turawa sun ƙirga tan na kuza da fam na haraji. Sunayen mutanenmu a bakin tsofaffi suke. Na biyu, duk lokacin da kuka ji an rufe iyaka, kamar yadda aka yi a 2019 da 2023, ko ambaliya ta cinye shinkafar fadama kamar ta 2020, ko 'yan kasuwa sun kulle hatsi suna jiran tsada, ku yi tambayar nan: wa zai fara rage tuwo, kuma wa ke da ikon hana hakan?

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a waɗannan shekaru, Ya kare mu daga yunwa da zalunci, Ya ba shugabanninmu tausayin talakawa. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.