Kuɗin Kare Ɗalibai Daga Miyagun Ƙwayoyi Da Cin Zarafi A Makarantun Khartoum Da Omdurman

Kare ɗalibi daga shaye-shaye da duka aiki ne da ke buƙatar kuɗi: horar da malamai, ɗaukar masu ba da shawara, da kai wanda ya kamu asibiti. Sudan tana da dokokin wannan aiki, amma hanyar da kuɗin ke bi kafin ya isa aji tana da rauni.

Dokokin da ake da su

A shekarar 1994 Sudan ta kafa dokar miyagun ƙwayoyi, a 2010 kuma ta kafa dokar kare yara. Kamun dillalai yana hannun sashen 'yan sanda na yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida. Ta ɓangaren magani, asibitin Tijani al-Mahi na masu larurar ƙwaƙwalwa da ke Omdurman yana cikin wuraren da aka fi sani. A watan Janairun 2023 Janar Abdel Fattah al-Burhan ya ƙaddamar da gangamin yaƙi da ƙwayoyi a faɗin ƙasar, bayan koken iyaye kan yaɗuwar ƙwayar da ake kira ayis tsakanin matasa, ƙari a kan tabar wiwi da suke kira bango.

Wa ke biyan kuɗin

Tun da aka koma tsarin tarayya a shekarun 1990, ɗawainiyar makarantun firamare ta fi rataya a wuyan jihohi da ƙananan hukumomi. Mafi yawan abin da suke warewa albashin malamai ke cinye shi, sauran buƙatu kuma kwamitocin iyaye ke tara musu kuɗi. Don haka makarantar unguwar talakawa, inda haɗarin ya fi yawa, ita ce ta fi rasa mai kula da tarbiyya. Tallafin waje ma ya ragu lokacin da Bankin Duniya ya dakatar da kuɗaɗensa bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba, 2021.

Makarantun allo

Khalwa, wato tsangayar Sudan, ta daɗe tana yaye mahaddata Alƙur'ani. Sai dai a watan Oktoban 2020 binciken sashen Larabci na BBC ya nuna yara ɗaure da mari ana dukansu a wasu daga ciki, har da wata a Omdurman. Lamarin ya fito da ƙarancin jami'an sa ido a fili, domin duba makaranta ma sai da ma'aikaci da abin hawa.

Abin da yaƙi ya jawo

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF ya rufe makarantun Khartoum, wasu suka zama matsugunin 'yan gudun hijira. A watan Oktoban shekarar UNICEF ta ce yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a ƙasar. A farkon 2025 hukumomi suka sanar da gano masana'antar ƙwayar kaftagon a yankin al-Jaili, arewa da Khartoum, a watan Maris kuma sojoji suka ƙwace birnin.

Yaran da ke komawa aji yanzu sun ga kisa da gudun hijira da idonsu. Gyaran gini da albashi ne za su fara cin kasafi, kuma in ba a ware wa riga-kafi nasa kaso daban ba, nauyin zai sake komawa kan iyayen da yaƙi ya talauta.