Daji, Sankara da Basir: Tarihin Sunan Cuta da Tarihin Gane Ta a Ƙasar Gwandu

Nufin wannan takarda shi ne ta haɗa tarihi biyu waɗanda ba safai a kan haɗa su ba. Na ɗaya, tarihin binciken da likitoci suka yi a kan sankarar mama da ta babban hanji. Na biyu, tarihin sunayen da Hausawa suka sa wa waɗannan cututtuka, musamman a yankin Jega da Aliero da Maiyama. Dalilin haɗa su kuwa shi ne, kafin mai ciwo a Mungadi ya ga likita, an riga an raɗa wa ciwonsa suna a gida, sunan nan kuwa shi ke nuna masa ƙofar da zai fara zuwa.

Likitocin Yunanawa na zamanin Bukurat sun kira wannan cuta karkinos, watau ƙaguwa, Larabawa kuma suka ce saraɗan, ma'ana ɗaya. Bahaushe kuwa daga goro ya ɗauko nasa kwatanci. Sankara asalinta ɓarnar da ke kama goro ce, a gan shi da kyau daga waje, sai an fasa a tarar ciki ya lalace. Mutanen Jega ba baƙin wannan kalma ba ne. Garin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa bayan rasuwar mahaifinsa a 1818 ya zama babbar kasuwa a kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro.

Amma sunan da ya fi yawo a bakin jama'a shi ne daji. Kalmar nan tana da faɗi ƙwarai: kumburi mai zafi daji ne, gyambon da ya ƙi warkewa daji ne, ƙullutun da ya fito a mama shi ma daji ne. Tare da sunan kuma akwai hukunci, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe.

Wajen hanji kuwa, sunan da ya rufe kome shi ne basir, wanda muka aro daga Larabci. Malaman jihadi sun kula da shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littafi musamman a kan magungunansa, mai suna al-Ƙaul al-Manthur. A karin harshen yamma a kan ce zahi, watau zafi. Littafin da Jaffré da Olivier de Sardan suka shirya a 1999 ya nuna yadda wannan suna, da takwaransa weyno na Zabarmawa, su ke ɗauke da ciwuka iri iri na ciki da dubura a ƙasar Nijar. Basir na ainihi jijiyoyin jini ne da suka kumbura a dubura, ba kasafai ya kan yi kisa ba. Sankarar dubura ita ma da jini ta ke farawa. Da ya ke alamar ɗaya ce, sai suna ɗaya ya lulluɓe cuta biyu.

To, yanzu sai mu duba yadda likitoci suka rarrabe abin da harshe ya haɗa. A 1894 William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana fiɗar da ya ke yi, ta cire mama duka da naman ƙirji da kaluluwar hammata. A 1896 George Beatson na Glasgow ya nuna cewa cire ƙwan mace ya kan sa sankarar mama ta ja da baya ga waɗansu mata. Daga nan aka fahimci akwai irin da sinadarin jikin mace ke ciyarwa, shi ne tushen ƙwayar tamoxifen da aka soma bayarwa a shekarun 1970. A 1981 Umberto Veronesi na Milan, sa'an nan Bernard Fisher na Amurka a 1985, suka gwada marasa lafiya kashi kashi, suka tabbatar cewa idan ƙullutun ƙarami ne, cire shi kaɗai tare da gashi da haske daidai ya ke da cire mama duka wajen tsawon rai.

Haka abin ya ke wajen hanji. A 1908 Ernest Miles na London ya tsara fiɗar cire dubura. A 1932 Cuthbert Dukes na asibitin St Mark's ya kasa cutar mataki mataki bisa ga zurfin da ta yi a bangon hanji, ya nuna wanda aka yi wa aiki tun tana cikin bango ya fi samun tsira nesa ba kusa ba. A 1957 aka haɗa maganin fluorouracil. A 1969 Wolff da Shinya a New York suka soma leƙa babban hanji duka da bututu mai fitila, har suka riƙa tsinke ƙananan tsiro tun ba su rikiɗa sun zama sankara ba. Mai karatu zai lura, duk wannan ci gaba a kan sharaɗi ɗaya ya tsaya, watau a zo da wuri.

A Nijeriya, an buɗe asibitin koyarwa na Ibadan a 1957, aka kafa rajistar masu sankara a can a 1960. A 1971 Denis Burkitt ya yi bayani cewa sankarar hanji ba ta da yawa a ƙauyukan Afirka, ya danganta haka da abinci mai dusa. Maganarsa ta daɗe tana tasiri. Binciken da ya biyo baya ya nuna cutar tana nan, kuma kamanninta a nan ba daidai su ke da na Turai ba. Aikin Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokanta, wanda ya fito a 2009, ya samu cewa yawancin sankarar mama da suka auna daga Nijeriya da Senegal ba irin da tamoxifen ke ci ba ce. Saboda haka ba a ba da magani da ka, sai an ɗebi ɗan nama an auna. A 2013 Isaac Alatise na Ile-Ife da Peter Kingham na New York suka kafa ƙungiyar bincike mai suna ARGO. A 2018 suka nuna cewa cikin manya masu zubar da jini ta dubura, wanda ya haɗa da rama da canjin bayan gida shi ya fi cancanta a leƙa hanjinsa da gaggawa. A 2021 kuma suka bayyana cewa masu cutar a Nijeriya sun fi na Amurka ƙuruciya, kuma a dubura ta fi kama su.

Abin lura shi ne, galibin wannan bincike a ƙasar Yarabawa aka yi shi. A wajenmu, an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Mai ciwo daga Mungadi ya kan bi ta Jega zuwa babban asibitin tarayya na Birnin Kebbi, in kuwa gashi a ke bukata sai ya nufi asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Tsakanin 2015 da 2023 Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, uwargidan gwamna a lokacin, ta himmatu ga wayar da kan mata ta hanyar gidauniyarta ta Medicaid. A 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya.

Hanyar Sakkwato ta bi ta Aliero, garin da ya yi suna wajen ɗori. Mutane suna kai karaya can domin sun ga waɗanda aka ɗaura sun tashi sun yi tafiya. Sankara kuwa akasin haka jama'a suka gani. Matar da ta ɓoye ƙullutu shekara guda saboda kunya da tsoron ƙarfe, sai ya fashe a ke kai ta asibiti. In ta rasu bayan fiɗa, sai a ce ga shi nan, dama daji ba ya son ƙarfe. Da haka jinkiri ya ke ƙarfafa camfi, camfi kuma ya sake haifar da jinkiri.

A nan ne aikin masana harshe da malaman makarantun horon malamai ya ke. Likitan da zai tambayi tsoho a Maiyama ko yana zubar da jini, amsar da zai samu ita ce yana da zahi, kuma ya daɗe yana shan sassaƙe. Ya kamata a tattara waɗannan kalmomi gari gari, a rubuta abin da kowace ta ƙunsa a bakin wanzamai da unguwarzoma da masu magani, domin tambayoyin masu bincike su dace da kunnen mutanenmu. Sa'an nan a koya wa ɗalibai abu biyu su kai gida: ƙullutu a mama, ko ba ya ciwo, a kai shi a duba, jini a bayan gida tare da rama, kada a tsaya ga sunan basir. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah ya sa mu dace, amin.