Tarihin Bairos da Manyan Manhajoji: Daga Lahore zuwa Wayoyin Manoman Kura

Bairos, ko ƙwayar cutar kwamfuta, manhaja ce da ake rubutawa don ta kutsa cikin na'ura ba da sanin mai ita ba, ta hayayyafa, ta yi ɓarna ko sata. Galibi bairos ana ɗinka shi ne daidai jikin wata babbar manhaja, wato tushen da na'ura ke aiki a kansa, kamar Windows, macOS, Linux, Android ko iOS. Wanda aka ɗinka wa Windows ba ya shiga jikin Android. Shi ya sa masu rubuta shi suke fara duba inda jama'a ta fi taruwa kafin su ɗauki alƙalami.

Marubuta sun saɓa a kan wanne ne na farko. Wasu suna cewa Creeper ne na 1971, amma wannan gwaji ne da bai fita daga hannun masana ba. Wanda ya fi cancanta da sunan shi ne Elk Cloner na 1982, wanda Rich Skrenta ya rubuta yana ɗan shekara 15, ya yaɗu ta faifan fulofi a kan kwamfutocin Apple II. Ya kamata masu cewa kayan Apple ba sa kamuwa su riƙe wannan shekara. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka saki Brain a kan MS-DOS, har da adireshin shagonsu a ciki. A Nuwamban 1988 wani bairos da ake kira tsutsar Morris ya durƙusar da kwamfutocin Unix kusan 6,000.

Daga nan sai zamanin Windows, wanda labarinsa sananne ne: Melissa a 1999, ILOVEYOU daga Manila a Mayun 2000, Blaster a 2003, Conficker a 2008. A lokacin sama da kashi 90 cikin 100 na kwamfutocin tebur Windows ce a kansu. A Satumban 2003 Dan Geer da wasu masana tsaro suka fitar da rahoto suna gargaɗin cewa duniya ta shuka iri guda a gona guda, cuta ɗaya kan iya share ta. Rahoton ya jawo masa rasa aikinsa.

Manomin Kadawa ba ya bukatar a fassara masa wannan magana. A 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta afka wa tumatirin noman rani, ta bi gona bayan gona domin duk abu ɗaya aka shuka, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya saboda rashin tumatirin da za ta sarrafa.

Sai dai guguwar Windows ba ta taɓa yankin Kura da Bunkure sosai ba. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 ruwa ya fara bin magudanai zuwa gonakin shinkafa da alkama, harkar yankin ta hannu da baki ce: ciniki a kasuwar Kwanar Gafan, lissafi a littafi. Kwamfuta ta tsaya a ofis, makaranta da shagunan buga takardu. A can ne ɗalibai masu rajistar JAMB suka san bairos ɗin filash, mai ɓoye fayiloli ya bar hotunansu na bogi, mutum ya ɗauka aikinsa ya salwanta. Microsoft ba ta toshe ƙofar da filash ke buɗe kansa a Windows XP ba sai a 2011.

Ta waya cutar ta iso gida. An fara GSM a Najeriya a Agustan 2001, kuma Nokia ce sarauniya. A 2004 aka ga Cabir, bairos ɗin farko na wayar hannu, wanda aka yi wa Symbian, babbar manhajar manyan wayoyin Nokia. Yana bin Bluetooth yana neman maƙwabciyar waya har batir ya ƙare. Da Symbian ta fara faɗuwa, masu ɓarna suka tattara komatsansu suka koma Android, inda kamfanin Kaspersky ya gano FakePlayer a Agustan 2010, mai aika saƙonnin kuɗi a ɓoye. A Maris ɗin 2017 alƙaluman StatCounter suka nuna Android ta wuce Windows a yawan masu shiga intanet a duniya. A Najeriya mafi rinjayen manyan wayoyi Android ce, kuma wanda ya zaga kasuwar Farm Centre a Kano zai ga Tecno, Itel da Infinix, dukkansu na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, sun cika tebura.

Yawa kaɗai bai bayyana komai ba. Hanyar da manhaja ke shiga waya ita ce rabin labarin. Android tana barin mutum ya ɗora manhaja daga ko'ina, kuma inda data ke da tsada, haka ake yi: aboki ya tura wa aboki ta Xender, masu tura fina-finai da waƙoƙi su cika memori daga kwamfuta ɗaya da ɗaruruwan katuna suka ratsa. Ga kuma jabun WhatsApp da matasa ke so saboda ƙarin kwalliya. A Agustan 2021 Kaspersky ya samu bairos ɗin Triada a cikin ɗaya daga cikinsu, FMWhatsApp.

Labarin Triada ya fi kowanne dacewa da a tsaya a kansa, domin ya rushe tunanin cewa sai mai sakaci ke kamuwa. A Agustan 2020 sashen Secure-D na kamfanin Upstream ya bayyana cewa wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000, akasari a Habasha, Kamaru, Masar, Ghana da Afirka ta Kudu, sun fito daga kwali da cutar a jikinsu. Triada yana jawo wani mai suna xHelper, shi kuma ya riƙa yi wa mai waya rajistar hidimomin kuɗi a ɓoye, kati da data su riƙa zurarewa. An ƙirga yunƙurin ciniki na bogi sama da miliyan 19. Ko an mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, cutar na nan. Transsion ya ɗora laifin a kan wani mai kawo masa kaya, ya ce ya fitar da gyara. Waɗanda abin ya ci talakawa ne da suka sayi waya mafi araha, kuma su ne ba su da datar sauke gyaran.

Masu ƙaramin kaso ma ba su tsira ba. Flashback ya kama kwamfutocin Mac sama da 600,000 a 2012. Mirai ya mamaye kyamarori da na'urorin intanet masu Linux a 2016, a shekarar da aka bankaɗo Pegasus yana leƙen asirin masu iPhone. Shi kuwa WannaCry na Mayun 2017, da ya ratsa ƙasashe 150, ya fi cin Windows 7 da ba a sabunta ba, alhali Microsoft ta fitar da maganinsa tun Maris.

Abin da ya canza a Kura da Bunkure shi ne abin da ke cikin wayar. Tun shirin rabon taki ta saƙon waya na 2012, musamman kuma bayan ƙarancin takardun naira a farkon 2023, kuɗin shinkafa da tumatir sun koma tiransifa da POS. Tun a Oktoban 2021 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gargaɗi a kan Flubot, wanda a lokacin yake zuwa ta saƙon tes da mahaɗar bogi ya kwashe bayanan banki a Android. Duk wanda kuɗin amfanin gonarsa ke ratsa waya, ya ɗauko manhajar banki daga Play Store kaɗai, ya sabunta wayar duk lokacin da ta nema, kada kuma ya taɓa mahaɗar da baƙuwar lamba ta turo masa.