Tsirkiya Huɗu: Yadda Jitar Bes Ta Samo Asali

A shekarun 1940, cikin manyan ƙungiyoyin kiɗa na Amurka babu wanda ya kai mai kaɗa bes shan wahala. Kayan aikinsa wani ƙaton goge ne na katako, tsayinsa ƙafa shida, a tsaye ake kaɗa shi an jingina shi a jiki. In tafiya ta kama, sai dai a ɗaure shi a rufin mota, rana ta doke shi, ruwa ya jiƙa shi. In kuma aka hau dandamali, masu busa sama da goma suka saki ƙahoninsu, mai ganga ya bi baya, sai 'yan kallo su ga yatsun bawan Allah suna ta kai-kawo amma kunne bai kama komai ba. Wasu kan ja tsirkiya da ƙarfi har yatsunsu su yi bororo.

Kuma ba a iya raba kiɗan rawa da shi. Shi ne mai riƙe da ƙasan sauti, shi ne mai ɗinke bugun ganga da karin waƙa. Matsalar tana cikin halittar sautin kansa: tsirkiya mafi kauri tana karkarwa sau 41 kacal a daƙiƙa guda, kuma sauti mai zurfi haka sai an tura iska mai yawa kafin ya isa ƙarshen zaure.

Wanda ya fara ƙera jitar bes ta lantarki shi ne Paul Tutmarc, malamin koyar da jita a birnin Seattle. Wajen 1936 kamfaninsa, Audiovox, ya fitar da samfuri mai lamba 736: tsirkiya huɗu, gangar jiki ta katako marar rami, ana rataya ta a kafaɗa kamar jita. Abin da aka ƙera bai wuce guda ɗari ba, kuma labarinta bai yi nisa da garinsu ba. Tutmarc ya riga kowa, amma kasuwa ba ta waiwaye shi ba.

Sai da aka shekara goma sha biyar sannan wani mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya ya sake ɗauko zancen. Leo Fender bai iya kaɗa jita ba, lissafin kuɗi ya karanta, amma yana da kunnen sauraren koke-koken makaɗan da ke kawo masa gyaran amfilifaya. A lokacin manyan ƙungiyoyi suna ta rushewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu saboda tsadar riƙe su, ƙanana suna maye gurbinsu, kuma mai jita da ya iya riƙe bes ya fi saurin samun aiki. A ƙarshen 1951 Fender ya fitar da Precision Bass. Tsawon tsirkiyarta inci 34 ne, wanda har yau shi ne ma'aunin da akasarin maƙera ke bi. An ɗaure wuyanta da gangar jiki da kusoshi huɗu, in ya lalace a kwance a sa wani. A kan wuyan an jera siraran ƙarafa da ke raba sauti daki-daki, ta yadda mai jita zai danna ya samu sauti daidai ba tare da ya shekara yana horar da kunne ba. A ƙarƙashin tsirkiyoyin kuma akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla: tsirkiyar ƙarfe ta motsa a kansa, sai ta haifar da 'yar wutar lantarki, amfilifaya ta karɓa ta kumbura ta. Shekara guda bayan haka ya fitar da amfilifayar da aka yi dominta, Bassman.

Manyan masu kiɗan jaz sun yi mata kallon abin wasan yara. Lionel Hampton ne ya ga amfaninta tun da wuri, ya sa makaɗan ƙungiyarsa suka riƙe ta. Ɗaya daga cikinsu, Monk Montgomery, yayan fitaccen mai jita Wes Montgomery, ya karɓa ba da son ransa ba, amma a 1953 ya shiga situdiyo da ita tare da Art Farmer, ya kuma zaga Turai da ita. Zuwa 1957 Bill Black, mai kaɗa wa Elvis Presley, ya koma kanta, da ita aka ɗauki "Jailhouse Rock". A shekarar ce Fender ya sake mata fasali, ya raba maganaɗisun gida biyu don kashe ƙugin lantarki, kuma Precision ɗin da ake sayarwa yau kusan ita ce ta 1957. A 1960 ya ƙara da Jazz Bass, mai siririn wuya da maganaɗisu biyu.

Akwai abu ɗaya da Fender ya yi hasashe bai dace ba, wato yadda za a kaɗa ta. Ya ɗauka da babban yatsa za a riƙa taɓa tsirkiya a hankali, har ya maƙala wani ɗan katako a ƙasan tsirkiyoyin don sauran yatsu su kama. Ya kuma cusa soso a gindinsu don sautin ya mutu da wuri, ya yi kama da na tsohon bes. Maƙeri ya gama nasa. Salon kaɗawa kuwa makaɗan haya ne suka ƙirƙiro shi, mutanen da ake biya kuɗin zama ɗaya a situdiyo, waɗanda sunansu ba ya fitowa a bangon faifai.

Babbansu shi ne James Jamerson. An haife shi a 1936 a jihar Karolina ta Kudu, ya tashi zuwa Detroit yana saurayi, ya koyi tsohon bes yana kiɗan jaz a gidajen rawa. Kamfanin Motown ya ɗauke shi, daga baya ya koma kan Precision ƙirar 1962, amma bai bar ɗabi'un tsohon kayansa ba. Da yatsa ɗaya yake kaɗawa, manuniyar hannun dama. Tsirkiyoyinsa masu kauri ne, masu santsin baya, ya ɗaga su nesa da wuya har wani makaɗin ba ya iya danna su, kuma ba ya canza su sai in ɗaya ta tsinke. Kafin zuwansa aikin mai bes shi ne ya riƙa maimaita sauti biyu, sama da ƙasa. Jamerson ya mai da shi waƙa ta biyu da ke tafiya a ƙarƙashin muryar mawaƙi, tana shiga tsakanin bugun ganga, tana jinkirtawa inda ake tsammanin ta faɗo, tana sauka inda ba a zata ba. Wanda ya saurari "Bernadette" ta Four Tops ko "I Was Made to Love Her" ta Stevie Wonder, ya mai da hankali ga ƙasan sautin kaɗai, zai gane dalilin da ya sa makaɗa ke ambatonsa da girmamawa.

Fiye da shekara goma yana wannan aiki a ɗan ƙaramin situdiyon Motown, waƙoƙin suna sayuwa miliyoyi, ba a taɓa rubuta sunansa ba sai a 1971, a faifan Marvin Gaye mai suna "What's Going On". A 1972 kamfanin ya ƙaura zuwa Los Angeles. Jamerson ya bi shi, amma yayi ya sauya, masu shirya faifai suna son sauti mai ƙara, shi kuma ya ƙi sauya tsirkiya. Aiki ya ja baya, shaye-shaye ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a watan Agustan 1983 yana da shekara 47, kwanaki kaɗan bayan an sace jitar tasa. Sai a 2000 aka shigar da sunansa zauren karrama mashahuran makaɗa da ke Cleveland. Wannan rashin adalci ne, ba shi da wani suna.

A Los Angeles kuwa wata mace ce ta riƙe fagen. Carol Kaye mai kaɗa jita ce, sai wata rana a 1963 mai bes bai zo aiki ba a situdiyon Capitol, aka miƙa mata. Da ɗan guntun roba mai tauri take kaɗawa, abin da ya ba sautinta kaifin da ke fita sarai a ƙaramar rediyo. Ta shiga dubban zaman ɗaukar sauti, har da faifan "Pet Sounds" na Beach Boys a 1966, kuma a 1969 ta wallafa littafin koyon kayan.

A Ingila ma ba a rububin ta. Da Stuart Sutcliffe ya bar Beatles a 1961, Paul McCartney ne aka bar wa bes don babu mai so. Ya sayi Höfner ƙirar Jamus a Hamburg, saboda arha ce, kuma siffarta ɗaya ce hagu da dama, shi kuwa bahago ne. Daga baya ya sha faɗin cewa mai bes ɗin Motown ne gwaninsa, amma ya daɗe bai san sunansa ba. Kamfanonin faifai na Ingila a lokacin suna rage ƙarfin bes don tsoron kada allura ta yi tsalle a kan faifai. Sai a 1966, wajen ɗaukar waƙar Beatles mai suna "Paperback Writer", injiniya Geoff Emerick ya juya lasifika ya yi amfani da ita a matsayin makirfo don kamo zurfin sautin. A shekarar ce kamfanin Rotosound, da shawarar John Entwistle na The Who, ya fitar da tsirkiya mai kaushin baya da ke ba da amo mai haske. A 1969 Ampeg ya kawo amfilifayar SVT mai ƙarfin wat 300, da akwatin lasifika takwas. Daga nan ba a sake kukan rashin jin bes ba.

Salon da ya fi kowane jan ido, larura ce ta haife shi. Larry Graham yana matashi a Kalifoniya yana kiɗa tare da mahaifiyarsa, ita a kan fiyano. Da aka wayi gari ba su da mai ganga, sai ya fara dukan tsirkiya mai kauri da gefen babban yatsa a madadin babbar ganga, yana fizgar siririyar da manuniya a madadin ƙarama. Duniya ta ji abin a ƙarshen 1969, a waƙar "Thank You" ta Sly and the Family Stone. Watanni kaɗan bayan haka James Brown ya ɗauki wani yaro ɗan shekara 18, Bootsy Collins, ya hore shi da doka ɗaya: ya yi duk abin da ya ga dama, muddin zai sauka daram a bugun farko. A Disambar 1970 ƙungiyar ta zo Najeriya, makaɗan suka je gidan rawan Fela a Legas, kuma Bootsy ya daɗe yana ba da labarin yadda kiɗan da ya ji a can ya girgiza shi.

Jaco Pastorius, wanda aka haifa a 1951, sa'an jitar kanta, ya warware abin da Fender ya ƙulla. Ya cire ƙarafan wuyan Jazz Bass ɗinsa, ya cike ramukan, ya shafe wuyan da ƙaro mai tauri irin na jiragen ruwa don kada tsirkiya ta cinye katakon. Sai sautin ya koma yana zamewa, yana jan numfashi. Faifansa na farko a 1976 da aikinsa da ƙungiyar Weather Report sun fito da mai bes daga bayan dandamali zuwa gaba. Ƙarshensa bai yi daɗi ba: ciwon taɓin hankali, kwana a titi, sannan duka daga mai gadin wani gidan rawa a Florida, wanda ya yi ajalinsa a 1987 yana da shekara 35.

A Jamaika, inda bes ne ke jan ragamar kiɗan rege, Aston Barrett ne ya gina ƙasan waƙoƙin Bob Marley, ƙaninsa Carlton yana kan ganga. Miliyoyin mutane sun haddace layukansa ba su san shi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta fi kula da mai baiti da mai kari, mai bes kuwa yawanci ladan zama ake ba shi a sallame shi. Barrett ya kai ƙara babbar kotun Landan yana neman fam miliyan 60, a 2006 kotu ta yi watsi da ƙarar. Ya rasu a Fabrairun 2024.

Tun shekarun 1970 na'urorin sauti suka fara cin aikin masu bes, kuma a situdiyoyin Kano da Kaduna, inda ake haɗa waƙoƙin fim, mai fiyano ne ke fitar da wannan sauti da hannu ko da kwamfuta. Duk da haka Afirka ta ba kayan wasu daga cikin manyan gwanayensa. Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu shi ne ya kaɗa bes marar ƙarafa a faifan "Graceland" na Paul Simon a 1986. Kamaru kuwa ta zama kamar makaranta: Jean Dikoto Mandengue, Vicky Edimo, Armand Sabal-Lecco, Étienne Mbappé, duk daga can suka fito. Richard Bona, haifaffen ƙauyen Minta a 1967, yana yaro mai kaɗa jita a Duwala lokacin da wani Bafaranshe mai gidan rawa ya ba shi aron tarin faya-fayan jaz. Na farkon da ya ɗora na Jaco ne, kuma shi ya sa ya koma kan bes. A tsakiyar shekarun 1990 Joe Zawinul, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Weather Report, ya ɗauke shi aiki a sabuwar ƙungiyarsa, daga bisani kuma Mbappé ma ya riƙe wannan gurbi.